Me Ya Sa Dattawa Ke Cewa Sai Wanda Ya Ga Shata a Fili Ya San Shata?

Tambaya: Malam, ni bayan rasuwar Alhaji Mamman Shata aka haife ni, a waya nake jin waƙoƙinsa. Kullum mahaifina sai ya ce abin da nake ji rabin Shata ne, wanda bai tsaya a filin wasansa ba bai san shi ba. Na kuma lura waƙa ɗaya sai in same ta kala uku, kowace da baitocinta daban. Wacce ce ta asali a ciki? Kuma me wasannin nan nasa suka bari da har yau ake zancensu?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa mahaifinka lafiya da nisan kwana. Gaskiya ya gaya maka, kuma hujjarsa tana nan cikin wayarka. Waƙoƙin nan uku da ka samu duk na asali ne, babu ta jabu a cikinsu. Dare uku ne daban-daban, a gaban jama'a daban-daban, shi ya sa suka fito kala uku. Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya kuma haddace ta daga farko har ƙarshe ya riƙa maimaitawa. Abin da yake riƙewa a ka shi ne gindin waƙar, da kiɗanta, da mutumin da aka yi ta dominsa. Sauran duk a fili ake gina su, ido na ganin ido.

Bari in fara maka da ƙirar waƙar, domin a nan asirin yake. Waƙar baka ta Hausa tana da gindi, wato layin nan da 'yan amshi ke maimaitawa, tana kuma da 'ya'ya, wato baitocin da jagora ke zubowa tsakanin amshi da amshi. Ka saurari makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi. Za ka ji jagora ya ɗauko baiti, kafin ya kai rabi yaransa sun karɓe, sun ƙarasa shi baki ɗaya, wani lokaci su ja layi huɗu ko biyar da murya ɗaya babu mai tuntuɓe. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an tsara, an bita, kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita. Saboda haka in ka samu waƙar Ɗanƙwairo ɗaya da aka ɗauka sau biyu, za ka ji sun yi kusa da juna ƙwarai, ko da an ɗan ƙara ko an rage.

Shata ya bi wata hanya. Yaransa ba sa ƙarasa masa baiti. Aikinsu su riƙe kiɗa, su riƙe amshi, kuma amshin gajere ne, sau da yawa sunan mutum ne da ɗan kirarinsa, shi ke nan. Duk abin da ke tsakanin amshi biyu na Shata ne shi kaɗai. Ya ga dama ya yi kalma uku ya sake su, ya ga dama ya ja zance mai tsawo har ka ɗauka ya manta da su, sannan ya dire su ɗauka. Ɗan lokacin da suke amshin nan, a cikinsa yake numfashi, yake duba jama'a, yake ƙulla baiti na gaba. Tunda babu wanda ke jiran ya faɗi wata kalma da aka shirya a gida, babu abin da ya ɗaure shi. Duk abin da idonsa ya gani a daren yana iya shiga waƙa nan take. Wannan 'yancin shi ne tushen duk abin da mahaifinka ke ba ka labari.

Sai kuma kalangu. Ganga ce mai baki biyu, tsakiyarta a tsuke, an rufe kowane baki da fata, tsarkiya ta haɗa bakunan biyu. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa ya danne a hammata. Ya matsa tsarkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauko. Da yake maganar Bahaushe hawa da sauka take yi, kalangu yana iya faɗin take har mai take ya ji ya tabbata shi ake kira. A wasan Shata makaɗan su ne 'yan amshin, hannu na kiɗa baki na amshi, ga ƙaramar ganga mai siririyar murya tana riƙe musu ma'auni. In ka kasa kunne da kyau za ka ji wurin da Shata ya yi shiru, babban kalangu ya ci gaba da maganar a madadinsa. A waya wannan yakan wuce ka, domin ƙaramar lasifikar waya ba ta fito da ƙasan muryar ganga. A fili kuwa a ƙirji mutum ke jin ta.

Kar ka manta matsayin kalangu a wancan zamani. Kotso da taushi kayan fada ne, na sarakuna. Kalangu na mahauta ne, da 'yan dambe, da 'yan mata a dandali. Shata kuwa bai gaji kiɗa ba. A Musawa aka haife shi a 1923, kuma mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya yi waƙa ba, domin roƙo ake ɗaukarta, gidansu kuma ba gidan roƙo ba ne. Tallan goro ya yi, ya yi na alewa, a kasuwa da dandali ya koyi yadda ake tsayar da mai wucewa da murya. Wanda ya gaji kiɗan fada yana da ubangida ɗaya, yana da waƙoƙin da ya tarar, yana da iyakar da ba ya tsallakewa. Shata bai tarar da ko ɗaya ba. Jama'ar da ke gabansa su ne makarantarsa, kuma har ya tsufa da su yake auna waƙa: in baiti ya motsa fili ya riƙe shi ya ƙara masa, in bai motsa ba ya yar da shi ya wuce.

Daga Musawa ya koma Bakori wurin Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. Sunansa ya fita sosai a Kano a 1952, a bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, lokacin da aka aurar da 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama a lokaci guda, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ka lura, a filin biki ya yi suna, tun kafin rediyo ya kai muryarsa ko'ina. Daga baya ya zauna a Funtuwa, inda ya yi kusan shekara arba'in. Zaman Funtuwa ma ba a banza ba. Garin auduga ne, a lokacin jirgin ƙasa na ratsa shi, hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta bi ta cikinsa, ga wadda ta nufi Bakori da Malumfashi. Direbobin manyan motoci, dillalan auduga, 'yan kwangila, ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, duk nan suke haɗuwa. Mutane ne da suka samu kuɗi da suna ta hanyar nema, ba su da makaɗin gado da zai yi musu kirari. Shata ya zama nasu. Ya yi wa sarakuna waƙa, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma da kalangu ɗaya da murya ɗaya ya yi wa direba da ɗan kasuwa da dogari da mace mai sana'a.

Yanzu ga yadda fili yake, gwargwadon abin da na gani da idona a wasanninsa na shekarun 1980. Bayan sallar isha'i ake shimfiɗa tabarmi, a jera kujeru a gaba domin manya, mata gefe guda sun sha ado, samari sun yi da'ira a baya, yara kan katanga da rassan bishiya. Makaɗa ke fara zuwa. Su zauna su ɗan ja tsarkiya, su gwada murya, su fara kiɗa a hankali har fili ya ɗumama. Maroƙa na kewayawa suna duba wanda ya zo da wanda bai zo ba tukuna. Aikin maroƙan nan babba ne, kuma ba a cika ba su haƙƙinsu in ana labarin Shata ba. Su ne idanunsa a cikin taro. Sun san wane ɗan wane ne, daga wane gari, me yake sayarwa, da wa yake takara, wa ya aura bana.

Sai a ce waƙa ta yi nisa, ana tsakiyar yabon wani, ga wani alhaji ya shigo a makare yana neman wurin zama. Maroƙi ya matso kusa da Shata ya raɗa masa kalma biyu uku a kunne lokacin da yara ke amshi. Kafin a sake amshi sau biyu mutumin nan ya shiga waƙa, da sunansa, da sunan ubansa, da garinsu, da sana'arsa, har da hanyar da aka bi aka je garin nasu. Ka ga mutum bai gama gyara babbar rigarsa a kan kujera ba ya miƙe, hannu na cikin aljihu. Ya zo ya yi liƙi, ko ya miƙa wa maroƙi abin da ya kawo. Shata ya ɗaga hannu, kiɗa ya sauka ƙasa ƙasa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a abin da aka bayar da wanda ya bayar, mata su rangaɗa guɗa. Can ɗaya gefen kuma akwai wani da ba zai yarda a ce an fi shi ba, shi ma ya taso. Haka waƙar da aka fara domin mutum ɗaya za ta ɗauki mutum goma kafin a dire ta, ta ci rabin sa'a ko fiye. Kuɗi ake bayarwa, da riguna, da dawaki, har motoci an ba shi. Kamar tela ne da ke ɗinka riga a jikin mai ita: gobe in wani ya zo, yadin ɗaya ne amma awon ya sake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake sarrafa shiru. Mawaƙi ƙarami tsoron shiru yake, gani yake in ya tsaya fili zai watse. Shata yakan bar kiɗa na tafiya shi bai ce komai ba, yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa zuciyarsa na bugawa don bai san kan wa za a sauka ba. Wani lokaci ya bar rerawa ya koma magana zalla, ya yi wa wani tambaya, ya tsokani makaɗinsa, a yi dariya, sannan ya koma kan gindin waƙa daidai inda kiɗa ya kawo, ko ɗan kuskure babu. Wannan jiran, da wannan fargabar, su ne rabin da mahaifinka ke cewa ba ka samu ba. Kai in ka kunna waƙa ka riga ka san abin da zai faɗa. Su ba su sani ba, kuma sunan kowannensu yana iya fitowa.

Na ce fargaba, da gangan na faɗa. Bakin da ke yabo shi ke zambo, kuma zambon Shata ba ya goguwa. Waƙarsa ta Gagarabadau tana nan ana jin ta har yau. Mutum ya yi masa rowa, ko ya yi masa alkawari ya saɓa, ko ya wulaƙanta shi, yana iya wayar gari ya ji yara na rera aibinsa a titi. A ganina akwai wuraren da abin ya yi yawa, domin wanda aka yi wa zambo yana da 'ya'ya da jikoki da ba su ci ba ba su sha ba, kuma kaset ba ya mutuwa tare da mai laifi. Haka nan waƙarsa ta Sha Ruwa Ba Laifi Ba Ne, wadda ta ɓata wa malamai rai ƙwarai, kuma suna da hujjarsu. Ba na son mu masu ƙaunarsa mu riƙa ɓoye waɗannan. Wasanninsa ba a ƙofar fada da gidan biki kaɗai ake yin su ba. An yi a otal, an yi a kulob, an yi a gidan silima da barikin soja, kuma kowane fili da irin waƙar da yake jawowa. Mutumin nan dai shi ya yi Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, wadda in an sa ta dattawa ke yin tsit. Duka biyun Shata ne, kuma wanda ya san filayen da ya tsaya a cikinsu ba zai yi mamaki ba. Allah ya gafarta masa kurakuransa.

In kana son ganin hujjar maganata a waƙa ɗaya, ɗauki Bakandamiya. Waƙar kirarin kansa ce, inda yake faɗin ko shi wane ne, ya ƙalubalanci sauran mawaƙa, ya lissafa garuruwa da ƙasashen da ya taka da manyan da ya tsaya a gabansu. Waƙa irin wannan ba za ta tsaya wuri ɗaya ba, domin mai ita bai tsaya ba. Duk tafiyar da ya yi, duk abokin hamayyar da ya taso, duk karramawar da aka yi masa, sai ta samu gurbi. Bakandamiyar da ya yi yana da ƙuruciya da wadda ya yi da furfura gindinsu ɗaya, amma rayuwar da ke cikinsu ta bambanta. Wanda ya ce maka ga ta asali ga ta bogi bai fahimci abin da yake saurare ba. Haka waƙoƙinsa na Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu, da Habu na Habu, da Hassan Sarkin Dogarai; nemi kowace kala biyu ka jera su, za ka ji.

Abin da ke cikin wayarka daga wurare uku ya fito, kuma yana da kyau ka iya bambance su. Akwai na faifai. Tsohon faifan garmaho minti uku ne kacal ko ɗan fiye a kowane gefe, saboda haka dole mawaƙi ya datse, ya faɗi gindi da 'ya'ya kaɗan ya rufe. Akwai na gidan rediyo da talabijin, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962. Waɗannan sun fi tsawo, sautinsu a wanke, amma a ɗaki aka yi su, babu alhajin da zai shigo a makare, babu guɗa, babu mai takara. Na ukun su ne waɗanda wani ya ɗauka a wurin biki, ya ajiye rediyonsa mai kaset kusa da lasifika. Sautinsu ya fi muni. Za ka ji hayaniya, ka ji janareta, ka ji maroƙi ya katse waƙa yana sanarwa, ka ji kaset ya ƙare ana tsakiyar baiti. Matasa sukan tsallake irin waɗannan su nemi mai tsabta. Ni kuwa su na fi daraja, domin su kaɗai suka kama Shata yana aikinsa na gaskiya.

Rediyo ya yi masa babban aiki, wannan babu musu. Shi ya kai muryarsa Maraɗi da Damagaram, da zangunan Gana, da arewacin Kamaru, har ya zama in ya je waɗannan wurare jama'a sun riga sun iya amshin. Amma abin da ke fitar da mutum daga gida ya kwana a tsaye shi ne ya ji abin da za a ɗora a kan amshin da ya sani, a garinsu, da sunayen mutanen da ya sani. Labarin duniya ma haka yake shigowa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, Shata ya yi waƙar kumbon Apollo 11. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa soja waƙoƙi. Abin da mutane ke zance a kai da rana, da dare sai su ji shi a bakin kalangu.

Mutane da yawa sun ce aljanu ke ba shi waƙa, don sun kasa gane yadda mutum zai yi ta zubo baiti har asuba bai shirya ba. Baiwa ce daga Allah, wannan haka yake. Amma baiwar tana da kayan aiki da ake iya gani. Shata yana da rumbu a ka: kirarin sarautu, sunayen garuruwa a jere yadda hanya ta bi da su, asalin gidaje, karin magana, da wasu jimloli nasa da yake dasawa a duk inda yake buƙatar ɗan lokacin tunani. In an raɗa masa sabon suna, ba daga sama yake ƙirƙiro komai ba; yana da gurbin da sunan zai zauna, da kirarin sana'ar mutumin, da abin da ake faɗa game da garinsu. Gwanintar ita ce saurin zaɓe, da sa kowace kalma ta faɗa kan kiɗa, da sanin abin da zai taɓa zuciyar wannan mutumin a gaban waɗannan mutanen. Shekaru sama da hamsin yana wannan aiki. Masana sun daɗe da lura da haka. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, a kan Shata ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. A 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dakta, ga lambar girma ta ƙasa ta MON da gwamnati ta ba shi. Ka tuna wannan yaron ne da mahaifinsa ke jin kunyar a ce ɗansa maroƙi ne. Duk mawaƙin Hausa da yau ake gayyata a ba shi kujera a gaba, ya ci albarkacin wannan tafiya.

Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Kano, aka kai shi Daura aka binne, garin Sarki Muhammadu Bashar da ya riƙe shi da mutunci. Bayan rasuwarsa an samu masu kwaikwayonsa da dama, wasu muryarsu har ta yi kama da tasa, kuma ina jin daɗin ganinsu don suna raya kiɗan kalangu. Sai dai mafi yawansu kaset suka haddace. Dare ɗaya daga cikin dararen Shata suke maimaitawa, har da sunayen mutanen da suka halarci wancan biki, waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya fi wuyar gada shi ne a dubi fili a gina sabon baiti kan wanda ke zaune a gaba.

Ambaton sunaye a waƙa kuwa ya samu magada har sun yi yawa. Mawaƙan siyasa da na biki na yau duk a kan wannan turba suke. Bambancin shi ne yanzu a situdiyo ake yi da fiyano da kwamfuta, a karɓi sunaye tun da wuri, a jera su, a gyara murya, a fitar da waƙa gamammiya. Ranar biki sai a sa ta a na'ura, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bin ta. Ba raina su nake ba. A cikinsu akwai masu azanci da iya tsara kalma, kuma zamani ya ba su kayan da Shata bai samu ba. Amma waƙar da aka gama ta tun jiya ba ta ganin wanda ya shigo yau. In kana son ɗanɗana abin da mahaifinka ya gani, je filin dambe ka tsaya kusa da makaɗa, ka ga yadda ake kiran ɗan dambe da takensa har tsikar jikinsa ta tashi. Ko ka tambayi iyayenka mata yadda wasan Barmani Coge yake, ita ma 'yar Funtuwa ce, ta rasu a 2013. Da ƙwarya take nata, a gaban mata, amma ita ma fili take karantawa. A ƙauyuka har yanzu akwai masu kalangun biki da ke wannan aiki, ba wanda ya san sunansu bayan garuruwan da ke kewaye da su.

Akwai kuma gadon da ba a cika kula da shi ba, kuma shi ya fi damuna. Kaset ɗin wasannin nan tarihi ne. A cikinsu akwai sunayen attajirai da direbobi da ma'aikata da mata masu sana'a na garuruwa da dama, tun daga zamanin En'e har zuwa ƙarshen mulkin soja, mutanen da babu littafin da ya rubuta su. Akwai yadda ake magana a lokacin, da abin da ake ɗauka kyauta ce babba, da wanda ake girmamawa da dalilin girmama shi. Amma zaren kaset ba ya jure zafi da laima, yana manne wa juna, yana tsinkewa. Da aka koma tura waƙoƙi a memori a kasuwa, an ceci sauti da yawa, sai dai an yar da bayanin da ke jikin kwalin. Masu turawa sukan yanke maganar farko da sanarwar maroƙi don waƙa ta yi gajarta, su sa mata sunan da suka ga dama. Sai ka samu waƙa babu gari, babu shekara, babu sanin bikin wa aka yi.

To ga abin da zan roƙe ka, tunda Allah ya ba ka uba da ya ga abin da idonsa. Ku zauna tare ka kunna masa kala ukun nan ɗaya bayan ɗaya, takarda na hannunka. Duk sunan da aka ambata ka tsayar ka tambaye shi ko ya san mai shi, ɗan ina ne, me yake yi. Ka tambaye shi wasan da ya halarta, a wane gari, bikin wa, wace shekara ko zamanin wane gwamna, wa ya yi kyautar da aka kwana ana zancenta. In akwai tsofaffin kaset a gida, a akwati ko a kan sif, kar ka sa su a rediyon da ya daɗe ba a kunna ba, zai iya cinye zaren. Ka fara juya shi a hankali da biro ka ga ko yana tafiya, sannan ka kai wa mai gyara da ya san aikin ya juye maka shi zuwa kwamfuta gaba ɗayansa, gefe biyun, da hayaniyar da sanarwar maroƙan, kada a yanke komai. Ka ɗauki hoton kwalin da duk rubutun da ke jikinsa, ka sa wa fayil ɗin sunan gari da shekara da mai biki. In ka gama, ka kai kwafi ɗaya sashen Hausa na jami'ar da ta fi kusa da ku, ka ba 'yan'uwanka su ma su ajiye.